Malafar Baba a Dandalin Makaranta

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na wata Laraba, bayan mun idar da la'asar, abin ya fara lalacewa. Na san lokacin domin ni ke riƙe da agogon malamarmu ta Hausa ina auna tsawon kowace fitowa. Muna gwajin wasan kwaikwayon ƙarshen zango ne a makarantarmu ta kwana a Bodinga, kuma ni na rubuta wasan. Ban iya tsayawa gaban mutane ba, shi ya sa na zaɓi alƙalami.

Labarin wani manomi ne da albasarsa ta ruɓe a rumfar ajiya kafin kasuwa ta yi kyau. Da na rasa yadda zan siffanta shi, sai na ɗauko mahaifina, wanda ya rasu damina biyu kafin nan. Na koya wa ƙawata da ta fito a manomin yadda yake jan ƙafar hagu kaɗan, hannuwa a baya, da gyaran murya sau biyu kafin ya faɗi abin da ba daɗi. Har tsohuwar malafarsa da nake ɓoyewa a ƙasan akwatina na ba ta.

Ta shigo dandali tana jan ƙafa, 'yan ajinmu suka tuntsire da dariya. A daidai lokacin na hango Baffa, ƙanen mahaifina, tsaye bakin taga da ƙullin garin kunun da ya kawo mini daga Horo Birni. Ya dubi malafar, ya dubi ƙafar. Ya ajiye ƙullin a ƙasa, ya juya. Kafin in kai bakin ƙofar makaranta har ya tayar da babur.

Kwana tara na yi da abin a raina. Gani nake na mayar da mahaifina abin dariya, kuma yana inda ba zan iya neman gafararsa ba. Na gaya wa malama ina so a cire wasan. Ta tambayi dalili, sai ni kuma na tambaye ta ko kwaikwayon mutum cin mutunci ne. Ta amsa mini kamar a aji. Ta ce kwaikwayo shi ne tushen wasan tun daga bukukuwan mutanen Girka na dā, kuma mu ma muna da namu tun kafin boko: tashe, wasan gauta, 'yar tsana, kalankuwa. Ta lissafa jigo da 'yan wasa da dandali da 'yan kallo. Duk suna cikin littafina, na ja musu layi da jan biro. Ta ba ni zuwa bayan hutun tsakiyar zango in yanke shawara.

Na sauka a Shagari ranar Juma'a, na hau babur zuwa gida. Baffa ya amsa gaisuwata a gajarce ya fita gona. Washegari da hantsi na sami Inna, kakata, mahaifiyar Baffa da mahaifina, a inuwar zaure tana ware albasa mai kyau daga mai tabo. Na zauna ina taya ta.

"Malama mai littahi, mi ac cikin bakinki?" in ji ta. "Kin jefa mai kyau ukku cikin ruɓaɓɓu."

Na gaya mata komai, har da malafar, kaina a ƙasa. Ta sa na tashi na nuna mata tafiyar. Ban taɓa yi da kaina ba. Na ja ƙafa daga bakin zaure zuwa gindin darbejiya na dawo, na yi gyaran murya sau biyu. Ba ta yi dariya ba. Ta goge hannu a zaninta, ta tambaye ni ko na taɓa jin wani ciwo ya sami mahaifina a ƙafa. Na yi tunani, na ce a'a.

Sai ta ba ni labarin. Kakana, mijinta, shi ne bijimi ya taka a ƙafar hagu. Wata shekara bayan an gama girbi samari suka yi kalankuwa, suka naɗa wa kansu sarki da alƙali da ɗan doka kamar yadda aka saba. Mahaifina, yana saurayi, shi aka ba alƙali. Ya fito da tafiyar tsohonsa da gyaran muryarsa, gari ya yi ta dariya, tsohon kuwa yana zaune a gaba ya fi kowa. Kafin wata kalankuwar tsohon ya rasu. Daga nan mahaifina bai sake takawa daidai ba.

Na tambaye ta Baffa fa, me ya kore shi, kuma ko in janye wasan.

Ta ɗauki wata albasa ta juya ta a hannu.

"Baffanki mutum biyu ya gani cikin malafa guda, ubansa da wansa, ga shi gaban yara bai da wurin kuka. Ba hushi ya yi ba. Tahiyar nan aro ta, ubanki ya ara bai maido ba. Ki koma ki yi wasanki, ɗiyata. Amma ki ce ma yarinyar nan ta rage jan ƙafar, mijina bai kai haka gurgunta ba."