Gautar Baba da ta sha ruwa

Lokacin kullen korona, mu mutanen layinmu a Bagadaza muka share wani kango muka mai da shi lambu, tunda cefane ya zama sai wanda ya gani. Ni alayyafo na shuka, don ko rago ya iya shi. Baba kuwa, tsohon malamin makaranta ɗan Kaltungo, gauta ya rena a lungu. Irin na marigayiya matarsa ne, ɗan abin da ya rage a kwalba.

Sai tari ya kama shi, motar asibiti ta zo ɗaukarsa zuwa wurin killace marasa lafiya. Tsoro ya hana kowa fitowa. Ta taga na hango shi yana waiwaye, yana neman wanda zai yi wa sallama. Abin ya tsaya min a rai, na ce in dai ina numfashi gautar nan ba za ta mutu ba.

An hana taruwa, don haka mutum ba ya shiga lambu sai ya leƙa ya ga ba kowa. Kullum da hantsi nakan kai bokiti guda. Abin da ya ɗaure min kai, a jiƙe nake tarar da ƙasar, ga zafin bazara, ko ɗigon ruwan sama babu. Har na fara zargin bututu ne ya fashe, a layin da 'yan garuwa ke shayar da mu. Ganye ya soma yin rawaya. Na rasa gane kan abin, sai na ƙara bokiti.

Wata safiya na yi kiciɓis da Hajiya mai ƙosai a lungun, riƙe da tulu.

"Ke ma?" in ji ta.

"Ni ma me, Hajiya?"

"Ai tun da aka tafi da shi nake ba ta ruwa, safe da yamma."

Ashe da kafinta, da matar fasto, da mai shago, kowa a ɓoye yake kawo nasa, yana zaton an manta da ita. Saiwar ta riga ta ruɓe.

Baba ya dawo a rame. Ya tsaya a lungun, ya caka sandarsa cikin taɓo.

"'Yata, wa ya yi wannan aika-aika?"

"Mu duka ne, Baba."

"Duka?"

Na ambata masa su gida-gida. Ya zauna a kan bulo, hawaye na zuba. Har yau ban sani ba ko gautar yake yi wa kuka ko mu. Can ya goge ido da hularsa.

"Sake faɗa min," ya ce. "Wa da wa?"