Uwaisu da Motar da Ba Ta da Sandar Giya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, kafin la'asar, Allah Ya karɓi ran abokina Uwaisu direba a wani asibiti a nan Ibadan, sakamakon saran adda. Washegari muka sallace shi a Sabo. Ni Abdulƙadir mai albasa ina gefensa a mota lokacin da aka sare shi, kuma ni na matsa masa ya karɓi motar. Shi ya sa na ga wajibi ne in rubuta wannan.

Uwaisu, shekara ashirin da shida ka yi kana jan tsohuwar a-kori-kura tsakanin kasuwar Shasha da Sabo. Matan unguwar nan da ke sana'a a cikin gida sun fi kowa sanin darajarka. Mai ƙosai ta aiko a sayo mata wake, mai waina ta aiko a sayo shinkafa, ka kai wa kowacce har ƙofar zaure ba ka taɓa haɗa kayan wata da na wata ba. In an yi rasuwa, ba a roƙonka. Kafin a gama wanka ka share bayan mota ka shimfiɗa tabarma.

Da injin tsohuwar ya buga, ƙungiyarmu ta 'yan albasa ta sayo tokumbo, wato motar hannu daga ƙasar waje, mai gida biyu, muka ce kai za ka ja. Ka shiga, ka kai hannu inda sandar giya take zama, ka damƙo iska. Sai wani ɗan maɓalli a jikin gaban motar, kamar na murɗa rediyo, da haruffa huɗu a kewaye.

"Abdulƙadir," ka ce, "wannan mota ce ko murhun gas?"

Na ce ka yi haƙuri, kwana uku za ka saba. Ba kwana uku aka yi ba. Ranar farko a shataletalen Mokola ƙafarka ta hagu ta tafi neman kuloci, ta dira kan birki da ƙarfin da ka saba. Goshina ya daki gilashi, jini ya wanke min gaban riga, buhu biyu suka fashe a baya. Kwana biyu bayan haka ka ɗaga ƙafa daga birki kana gaisawa da mutane, motar ta silale da kanta ta rushe dakalin mai shayi. Ka fito kana naushin murfin inji har fatar yatsunka ta ɗaye. Ka jefo min makulli a ƙirji, ka ce ba za ka ja abin da ke yanke shawara ba tare da kai ba. Ni na ɗauka na bi ka da shi har gida.

Daga nan ka zauna ka koye ta kamar mai haddar karatu. Ka riƙa lanƙwashe ƙafar hagu ƙarƙashin kujera don kada ta sake yi maka shisshigi. Ka gane maɓallin ba ya murɗuwa sai an taka birki. Ka kuma gano wata ɗabi'a da ta fi ba ka haushi: in aka buɗe ƙofar direba alhali ba ka ɗaura bel ba, sai motar ta kulle giyarta ta tsaya cak, ko ka taka totur sai dai ta yi gurnani. Kai kuwa ba mai ɗaura bel ba ne. Amma wata uku da aka yi, har ka fara yaba ta a go-sulo, kana cewa gwiwarka ta huta.

Ranar Talatar nan mun taso daga Shasha wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. A kujerar baya akwai Muhibbat mai abinci, Bayarbiya maƙwabciyarmu, da Sa'adiyya 'yar unguwarmu da goyonta, waɗanda ka rage wa hanya. Kafin mu kai Ojoo muka tarar hanya ta tsaya. Ɓangare biyu na 'yan tasha ne ke faɗa kan wanda zai riƙe wurin lodi. Ba ruwansu da mu, ba su ma san mu ba. Na ga an kwantar da wani a kwalta ana dukansa da ƙarfe har ya daina motsi. Kwalabe na fashewa a jikin motoci. Masu acaba sun yar da babura sun gudu. Dutse ya huda gilashin baya, ɓaraguzai suka zubo kan jaririn Sa'adiyya.

Ka ce, "Ku kwanta ƙasa!" Ka taka birki, ka murɗa zuwa ribas. Mun fara ja baya kenan wani mai jar riga riƙe da adda ya fizge ƙofarka. Motar ta kulle kanta. Ka taka totur, ta yi kuka ba ta motsa ba. Muhibbat na roƙonsa da Yarbanci, tana ce masa mata ne da jariri a ciki. Bai ko dube ta ba. Ya cakumi wuyan rigarka zai jawo ka waje, ka tokare shi da ƙafa ya faɗi, ka miƙa hannun hagu ka kamo ƙofar. A nan ya taso, addarsa ta sauka. Ta farko a damtse, na ji ƙarar ƙashi. Ta biyu tsakanin wuya da kafaɗa. Jininka ya fantsamo min a fuska, da ɗumi.

Ba ka saki ƙofar ba, Uwaisu. Da wannan hannun ka jawo ta ta rufe. Na ga ƙafarka ta dama ta koma birki, na ga yatsunka sun murɗa maɓallin ba ka ko kalle shi ba. Muka yi baya da gudu, muka ture teburin mai lemo, ka juya sitiyari da hannu ɗaya, ka sake murɗawa muka miƙe. Ni da ban iya tuƙi ba, abin da na iya kawai shi ne danne maka wuya da hulata. Sai da ka kai mu wani gidan mai inda babu hayaniya, ka tsaya, ka ce, "Yaron fa?" Sa'adiyya ta ce lafiyarsa ƙalau. Sannan kanka ya sauka kan sitiyari.

Bayan jana'iza samarin unguwa sun taru suna cewa sai an rama. Liman ya hana, ni ma na tsaya tare da shi, don na san waɗanda za a tare a hanya ba su ne suka sare ka ba. Amma ba zan yi ƙarya ba, fuskar mai jar rigar nan tana idona, kuma ban yafe ba. Na bar shi da Allah.

Mas'uda, uwar 'ya'yansa, kin aiko a tambaye ni ko ya samu kalmar shahada, na kasa ba ki amsa a zaman makoki. Ga ta yanzu. A motar da ta kai mu asibiti na riƙa laƙƙana masa, ya faɗa sau biyu a fili, na uku leɓɓansa kawai suka motsa. Na ji da kunnena, zan kuma shaida ranar tsayuwa.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da 'ya'yanku Najiba da Anwar da Ridwan, da 'yan'uwansa na Gusau, da dukkan jama'ar Sabo. Allah Ya jiƙan Uwaisu, Ya karɓi shahadarsa, Ya yalwata masa kabari, Ya raya abin da ya bari a kan tafarki na gari. Mu kuma Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da imani. Amin.