Goɗiyar Baba da Ingarman Shanga

Har yau in na ji mutum yana yabon doki, yana cewa dubi wuya, dubi ƙirji, dubi tsayi, sai in ji raina ya ɓaci, in tashi in ba shi wuri. Na taɓa yin irin wannan yabo da bakina, kuma na san inda ya kai mu.

Zamanin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato ne. Ina koyarwa a wata firamare a Yelwa, ina da babur, ina da agogon hannu, ina jin duk ƙasar Yawuri babu wanda ya kai ni sani. Gidanmu yana wani ƙauye a bakin tafki, cikin ƙauyukan da aka sake wa mazauni bayan an datse ruwa a Kainji. Tsohon garinmu yana can ƙarƙashin ruwa, da gonakinsa da kushewun kakanninmu. Abin da Baba ya fito da shi daga can bai taka kara ya karya ba: tukwanen Inna, da turken ƙirya guda ɗaya da mahaifinsa ya sassaƙa, da wata tsohuwar goɗiya. Ita ce ta haifa mana goɗiyar da zan ba da labarinta, daga nan ba ta ƙara haihuwa ba har ta mutu.

Bidi ce, wato mai ruwan toka, gajera, mai ƙaramin kai. Ni nake hawanta a sukuwa tun ina makarantar horon malamai. Da farko dariya ake mana, wai ga ƙato a kan goɗiya, amma da zarar an saki linzami sai dariyar ta koma ciki. Ta ci a Yelwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Saboda sukuwar nan ne ba a taɓa kai ta barbara ba, shekaru suna ta tafiya. Sai masu hali suka fara shigo da dogayen dawakai daga gabas, ta wajen Chadi. A sukuwarmu ta ƙarshe wani akawal, baƙi wuluk, ya wuce mu kamar muna tsaye. Na dawo gida ina cizon yatsa, ita kuma ta dawo tana ɗingishi da ƙafar gaba. Baba ya shafa ƙafar ya ce ya isa, ta huta haka nan, ta haihu. Ita kaɗai ta rage daga irin da ya gada, kuma abin da yake roƙon Allah shi ne ya ga ta haifi mace kafin ya bar duniya.

Baba sananne ne wurin zaɓen ingarma. Daga Shanga ake zuwa, daga Ngaski ake zuwa, a durƙusa a zaurensa a ce ga goɗiya, wane doki za a kai mata? Yana da wata hanya tasa da ke ba ni haushi ƙwarai. Ba ya fara zuwa kallon ingarman. Sai ya tambayi ƙauyukan da aka kawo masa goɗiyoyi bara da bara waccan, ya saɓa sanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa. Ya ga ko goɗiyar tana raye, ko tana da jiki, ko ta haihu lafiya, ya ɗaga ƙafafun ɗan duƙushin ya duba. Sai ya gama wannan yawon sannan ya je ya kalli ingarman, wani lokaci ma ba ya zuwa. Ni a ganina ɓarnar takalmi ce kawai.

Da ya gama yawonsa saboda goɗiyarmu, sai ya tsaya a kan dokin wani amininsa da ke ƙasar Ngaski, wanda suka tashi tare a tsohon gari. Na san dokin. Tsoho ne, kunne ɗaya a yage, ciki kamar randa.

Na ce, "Haba Baba! Wannan ai jaki ya fi shi fasali."

Ya ce, "Na ga ɗiyanshi bakwai. Duk suna tsaye bisa ƙafafunsu, uwayensu kuma suna cin ciyawa."

"Tsayuwa muke nema ko gudu?"

Ya dube ni da idanunsa da yanar ido ta soma rufewa, ya ce, "Malam, na gama magana." In Baba ya kira ni malam, to ba girmamawa ba ce.

Yanar idon ce ta sa aka tafi da shi asibitin ido a wani gari mai nisa, aka ce zai yi wata guda ko fiye. Ranar tafiya ya riƙe hannuna a bakin mota ya ce in goɗiya ta nuna tana neman doki, kada in jira shi, in ja ta zuwa Ngaski. Na ce to.

Ta nuna kuwa, daidai lokacin hutun makaranta. Ta riƙa haniniya, tana ɗaga wutsiya, ta ƙi natsuwa a turke. Ni kuma na riga na ji cewa akawal ɗin nan da ya wuce mu yana wata gona a ƙasar Shanga, na wani ɗan kwangila ne. Na zauna na yi lissafina na ɗan boko: zuciyar goɗiyarmu, a haɗa da tsayin wancan, ai abin da za a haifa ba mai kama shi daga nan har Sakkwato. Na ce in Baba ya ga ɗan duƙushin da idonsa sabo, shi da kansa zai sa mini albarka. Da safe na sa mata ragama, na ce wa Inna mun tafi Ngaski. Da muka fita bayan gari sai na juya arewa.

Wallahi dokin yana da kyau. Ba zan yi masa ƙarya ba don ya cuce mu. Jikinsa yana sheƙi, gezarsa ta zubo, in ya taka ƙasa sai ka ji a ƙirjinka. Mai kula da bargar ya karɓe ni hannu bibbiyu, ko jan rai bai yi ba. Har ya ce mini, "Bana goɗiyoyi ba su zo da yawa ba, ka yi sa'a." Ni kuwa, wawan Allah, sai na ji daɗi, na ce lallai na yi sa'a. Ban tambaye shi me ya hana su zuwa ba, ban tambaye shi ina na bara suke ba. Kwana uku muka yi aka gama abin da ya kai mu.

A hanyar dawowa na tuna da wani abu. Ba a taɓa zuwa gidan aminin Baba a dawo hannu sake ba, kullum sai ya ɗauro bandar kifi ya ce a kai wa Inna. Sai na ratsa kasuwar Yelwa na sayi kifi na ƙulle a tsumma. Inna ta kwance, ta ɓantari kaɗan ta kai baki. Ta tauna a hankali tana kallona.

Ta ce, "Sun canza itacen banda ke nan."

Na ce, "Wataƙila."

Amma ba ta sa kifin a miyar Baba ba da ya dawo.

Ya dawo ido ɗaya ya buɗe tar. Ko ruwa bai sha ba ya wuce wurin turke. Ya daɗe yana kallon goɗiyar, yana murmushi, ya ce ashe haka ta yi furfura a baki bai sani ba. Ya tambaye ni lafiyar amininsa, na ce yana gaishe shi. Goɗiya ta riƙe ciki. Baba ya koma kamar yaro, shi ke yanko mata ciyawa a bakin ruwa, shi ke jiƙa mata dusa da kanwa, ya hana kowa ɗaure ta a rana.

Ba a yi wata biyu cikakku ba kumburi ya fito mata a ƙarƙashin wutsiya, ya gangaro har hantsa. Muka ce cizon wani abu ne. Sai wasu tabbai suka riƙa tasowa a haƙarƙarinta, zagayayyu kamar an cusa kwabo a ƙarƙashin fata, su yi kwana biyu su ɓace, su fito a wani wuri. Tana cin abinci amma tana zubewa. Baba ya ce ko sammore ne, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa dabbobi, tunda muna bakin ruwa. Aka yi jiƙo, aka yi turare, aka yi allura, shiru. Ta fara jan ƙafafun baya, kofato yana kartar ƙasa. Ina kallon wannan duka, ina zuwa makaranta ina koya wa yara su riƙa faɗin gaskiya.

Na ɗauko malamin dabbobi a babur daga Yelwa. Ya zagaya ta, ya danna tabban da yatsa, ya tambaya ko an kai ta barbara kwanan nan. Ya ce ciwon a wurin barbara ake ɗaukarsa, daga ingarma, kuma ingarman yana iya daɗewa da shi yana sheƙi kamar ba abin da ke damunsa. Baba ya tambayi magani. Mutumin ya girgiza kai, ya ce a dai ci gaba da ba ta abinci.

Bayan 'yan makonni ta yi ɓari, da hantsi, muna tsaye. Baba ya durƙusa ya juya ɗan abin da hannunsa. Mace ce. Ya naɗe ta a tsohon buhu ya kai bayan gida ya binne da kansa, bai bari na taɓa fartanyar ba.

Da ya wanke hannu sai ya ce, "Gobe kasuwa, akwai jirgi. Mu tai Ngaski. Ni na zaɓi dokin nan, kuma na faɗa ma mutane su kai nasu. Dole in gaya mishi ya tsai da shi kafin ya kashe na wasu." Ya ƙara da cewa, "Shekara nawa ina wanga aiki, ashe idona ya daɗe da mutuwa ban sani ba."

Nan ya kamata in yi magana. Inna tana bakin murhu, ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai. A cikin jirgin ruwan ma na sami wuni kusan guda, muna zaune kafaɗa da kafaɗa a kan buhunan shinkafa, injin yana ta ƙara. Sau uku ina buɗe baki. Tsoro ne, ba wani abu ba, tsoro irin na ƙaton banza.

Aminin Baba ya tarbe mu da murna, ya shimfiɗa tabarma a inuwa. Tsohon dokin yana ɗaure a gefe yana korar ƙuda da yagaggen kunnensa, lafiya lau. Baba bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya faɗi abin da ya kawo shi, har yana ba shi haƙuri. Mutumin ya saurara har ƙarshe. Ya dubi Baba, ya dube ni.

Ya ce, "Wace goɗiya? Ni da nake ta jira tun kafin damina, har na ce ko ka sake shawara. Goɗiyarka ba ta tako gidan nan ba."

Ina jin kaji suna tono a bayan danga. Baba ya ce, "To. Na yi kuskure ke nan. Allah shi huci zuciyarka." Suka koma hirar ruwa da kifi kamar ba a yi komai ba. Da za mu tafi aka ɗauro mana banda a kai wa Inna, ni aka miƙa wa.

A dawowa jirgin ya bi ta wurin da masunta ke cewa tsohon garinmu yana ƙasa. Ba abin da ake gani sai ruwa. Baba yana kallon wurin, bai juyo ba, ya ce, "Na Shanga?"

Na ce, "E, Baba."

"Yana da kyau?"

"Yana da kyau."

"Ka je ka ga goɗiyoyinshi na bara?"

Na ce, "A'a."

Ya gyaɗa kai. Da ma ya zage ni, da ma ya ɗaga hannu ya mare ni a gaban mutanen jirgin, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Daga baya na hau babur na bi ƙauyukan Shanga ina tambaya, abin da ya kamata in yi tun farko. Wuni ɗaya ya ishe ni. Gida biyu na tarar da turke ba komai, a na uku aka nuna mini wata tana kwance ƙashi da fata.

Tamu ta kai har kaka. Wata safiya ƙafafun baya suka ƙi ɗaukarta. Baba ya zauna a ƙasa ya ɗora kanta a cinyarsa yana korar mata ƙuda, har la'asar, sannan ta daina numfashi. Washegari ya girgiza turken ƙiryar nan har ya tumɓuke shi, ya jingine a bayan rumbu, ya share wurin.

Ya yi shekara huɗu bayan haka. Muna gaisawa, muna cin tuwo a kwano ɗaya, ya yi wa 'ya'yana huɗuba. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Mutane ba su daina zuwa zaurensa neman shawarar ingarma ba, don ba su san abin da ya faru ba, shi kuma bai faɗa wa kowa ba. Sai dai bai ƙara saɓa sanda ya bi ƙauyuka ba. In sun gama bayani, sai ya nuna ni da haɓa, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ku tambayi malam. Shi ya yi karatu."