Ƙwarya Mai Tabon Wuta

Kakar da na cika shekara tara, wata Laraba da hantsi, na ɗauki tallan furar Inna zuwa gonar auduga a bayan Dayi. Gonar ta yi fari fat, kamar girgije ne ya sauko ya kwanta. Mata na tsinar auduga suna waƙa. Sai na ji ƙamshin ruwan farko, alhali damina ta wuce. Waƙar ta yi nisa, farin ya soma juyawa a hankali, na ji kamar an goya ni ana jijjigawa. Da na farka ina kwance a ƙasa, harshena na jini, fura ta zube. Matan sun ja baya. Wata na barbaɗa toka inda yawuna ya zuba.

Farfaɗiya ce. A garinmu an yarda ana ɗaukarta ta yawu.

Furar nan ce ke riƙe da gidanmu, don gonar Baba ba ta kai mu bazara. Inna ke surfe da daka, ni in ɗebo ruwa, in wanke ludaya. Cikin mako guda masu saye suka ɗauke ƙafa, fura ta riƙa yin tsami a ɗaki. Baba ya sayar da awakinmu ɗaya bayan ɗaya wajen nema mini magani, aka yi turare, aka yi jiƙe-jiƙe. Ƙawayena suka daina kirana gaɗa da carafke. Ƙarshe Baba ya gasa wuƙa, ya yi wa wata ƙwarya tabo a baki, ya ce tawa ce ni kaɗai, ko mutane sa dawo. Bai dube ni ba da ya miƙo mini.

Ranar sunan ɗan maƙwabta, mata sun cika tsakar gida, ni ina can gefe ina shan kunu a ƙwaryata. Inna ta taso ta karɓa, ta juyo daidai inda bakina ya taɓa, ta shanye ragowar.

"Hanne, kanki ɗaya kuwa?" in ji uwargidan.

"To Yaya, sai ku gyara zama ku jira in faɗi," in ji Inna, ta goge baki.

Ta yi shekara ashirin a duniya bayan haka, ba ta faɗi ba. Masu saye kaɗan suka dawo, da su muka rayu.

Yanzu a Funtuwa nake, ina sheƙar hatsi a kasuwa. Ina shan ƙwayar asibiti, ciwon sai jefi-jefi. Likita ya ce ba a ɗaukar ciwon ta yawu. Inna ta riga shi sani, ba allo ba boko. Duk da haka in na sha ruwa a rumfa, nakan ga an ware kofin. Abinci ko abin sha, har yau nakan rage kaɗan a ƙasan kwano. Na san wa nake rage wa.