Baba Mainasara da Abin da Na Gani a Kwanar Tsamiya

Ranar Laraba, 13 ga watan Sha'aban 1446, daidai da 12 ga Fabrairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Alhaji Mainasara Bature, bakanike kuma tsohon direban hanyar Daura zuwa Damagaram, wanda mu 'yan filin tsere muke kira Baba. Shekararsa sittin da uku. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. An yi masa sallah bayan azahar, aka kai shi makwancinsa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, ina cikin waɗanda suka mayar da ƙasa, na dawo gida aka ba ni tuwo na ci. Yau kwana tara ke nan ban zubar da hawaye ba. Mutane suna ta yaba mini dauriya, alhali ba dauriya ba ce. Jikina ne ya koma kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Baba, da kai zan yi magana, don kai ne ban yi wa magana ba a lokacin da ya kamata. Kwana huɗu kafin rasuwarka na ga alamar ciwon da ya ɗauke ka. Da idona na gani, a kusa, kuma na yi shiru. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Amma kafin in kai nan, bari waɗanda ba su san ka ba su ji ko wa muka rasa.

Kai ka kafa filin nan namu na hanyar Baure. Wani faƙo ne da ko ƙaya ba ta fitowa a kai, mai shi ya ba ka aro, ka kewaye shi da tsofaffin tayoyi, ka fitar da hanya mai kwana bakwai. Ka yi haka ne bayan da ka gaji da zuwa jana'izar samarin da wasan mota a wurin biki yake kashewa. Ka ce tunda ba za su bari ba, gara su zo inda babu mai talla kuma babu ɗan makaranta, a koya musu. Duk safiyar Asabar, daga kaka har faɗuwar ruwa, motoci takwas ko tara suke haɗuwa. Dokokinka ba su da yawa, amma ba ka ɗaga wa kowa ƙafa. Ba hular kwano, ba shiga fili. Wanda aka gani yana gudun banza a kan kwalta, ko a Kongolam ne, can bakin iyaka, labarin zai iso maka, kuma Asabar ɗin nan sai dai ya zauna a kan taya ya yi kallo. Kafin a tashi kana bin motoci ɗaya bayan ɗaya kana jan bel ɗin kowa da hannunka, har da na waɗanda suka yi jika.

Ni kuwa da furfurata na zo maka. Malamin labarin ƙasa ne ni a makarantar sakandare, shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, kuma tuƙina irin na wanda ya ɗauko ƙwai ne. Abokina Kabiru mai walda ne ya ja ni kallo, ya kuma tona mini asiri a gabanka cewa tun ina yaro nake mafarkin tsere. Na zaci dariya za ka yi. Ka dube ni daga sama har ƙasa ka ce, "Malam Sharfu, gemu ba ya hana ilimi. Amma ka sani a nan ni ne hedimasta." Cikin mako uku ka samo mini wata tsohuwar Golf, ka cire mata gilasai da kujerun baya, Kabiru ya yi mata ƙarafan kariya a ciki.

Gudu ni kaɗai bai yi mini wuya ba. Ka koya mini in taka birki tun mota tana miƙe, kafin in karya sitiyari. Ka koya mini in kai idona inda nake so in je, in daina kallon abin da nake tsoro. Wahalar ta fara ne ranar da ka ce tsere ba gudu ba ne, zama kusa da mutum ne. Ka kawo Fijonka ka jera ta da motata, ka ciro zaren ɗinki daga aljihu, ka ɗaure madubinka da nawa, ka bar tsawon da bai fi kamu uku ba. Ka ce mu zagaya fili a jere, kada zaren ya tsinke, kada kuma motocin su taɓa juna. Ko kwanar farko ba mu kai ba ya tsinke. Ka fito ka sake ɗaurawa. Ranar nan sau goma sha wani abu ka fito, ba ka yi tsaki ko sau ɗaya ba, sai dai ka ce in na ci gaba a haka telolin Daura za su kai ƙarata wurin mai unguwa. Sai da muka yi Asabar shida kafin mu zagaya da zarenmu lafiya. Da muka tsaya ka miƙo hannu ta taga ka ba ni goro.

A wannan zagayen na gane abin da kake nufi. Kakan ce mana: wanda yake gefenka a kwana ya ba ka amanar ransa, kai ma ka ba shi taka. Kana bar masa faɗin mota guda, yana bar maka. In tayarka ta gaba ta kai ƙofarsa kafin kwana, kwanar taka ce, shi zai buɗa. In ba ta kai ba, kai za ka haƙura. Ba ka sauya layi sau biyu. Duk wannan na haddace shi kamar karatun allo, kuma da kowa ina yin sa daidai. Da kai kaɗai nake kasawa.

Ni an tashe ni a gidan da ba a shan gaban babba. Ba a jerawa da shi kafaɗa da kafaɗa, ba a haɗa ido da shi. Duk lokacin da na kamo ka, hancin motata ya kai ƙofarka, sai ƙafata ta ɗaga daga totur da kanta, ban aike ta ba. Ka yi mini magana sau ɗaya, sau biyu, ina cewa to, ina komawa ruwa. Har ranar da na ɗaga ƙafa Kabiru yana manne da bayana, bai yi tsammani ba, ya dake ni, motarsa ta yi cikin tayoyi ta kife a gefe. Allah Ya kiyaye, ya fito da targaɗe a wuyan hannu kawai. Ba ka yi mini faɗa a gaban jama'a ba. Ka ja ni ƙarƙashin tsamiyar da ke bakin kwana ta biyar, ka ce, "Malam, ladabin nan naka zai kashe mutum. A cikin gari ka durƙusa mini in kana so. A nan girmamawa ita ce in same ka inda nake zaton samunka." Kwana uku ka yi a garejinka kana gyaran motocin nan biyu da hannunka, kuma ba ka sake tayar da zancen ba.

Bana ka sa mini sharaɗi. Akwai babban tseren da muke rufe fili da shi kafin hutun azumi, ka ce ba zan jera a cikinsa ba sai na wuce ka a fili tsakani da Allah, ba tare da ka sassauta mini ba.

Asabar ɗin ƙarshe, 8 ga Fabrairu, na zo da niyya. A zagaye na huɗu na kamo ka a miƙen da ke gangarawa kwanar tsamiya. Kwanar hagu ce, ni ne a ciki, tayata ta wuce ƙofarka, kwanar tawa ce babu gardama. Ƙafata tana kan totur, kuma wannan karon ba ta motsa ba. Na ɗan waiga dama don in tabbatar na bar maka faɗinka, kamar yadda ka koya mini. Ba gilashi a tsakaninmu. Na ga hannunka na hagu ya saki sitiyari ya faɗa kan cinyarka kamar tsumma. Na ga gefen bakinka ya saki. Da hannu ɗaya kake riƙe da motar, kuma idonka yana kan hanya, kamar kai ma ba ka san abin da ya faru ba.

Na ɗaga ƙafa. Na koma bayanka na bi ka a hankali har muka tsaya.

Ka daɗe ba ka fito ba. Da ka fito hannun ya dawo, har da shi ka rufe ƙofa. Ka cire hular kwano, ka dube ni a gaban kowa ka ce, "Shekara biyu, Malam. Ashe a banza na ƙarar da zarena." Maganarka ta ɗan yi nauyi, amma kowa ya ɗauka fushi ne. Ka shiga mota ka tafi ba sallama. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ka yi mini a duniya.

Na buɗe baki a lokacin, Allah Ya sani. Amma ta yaya zan ce wa dattijo, a gaban yaran da yake koyarwa, hannunka ya mutu, bakinka ya karkace? Na ce bari in same ka a gida. Da yamma na zo har bakin layinku, na hango ka a kan tabarma kana hira da mutane lafiya lau, na ce wataƙila girgizar mota ce ta yaudari idona, na juya. Lahadi na ce fushinka bai huce ba. Litinin ina makaranta. Talata da safe Kabiru ya kira ni ya ce ka faɗi a gareji, ɓarin jikinka ya shanye. A asibiti likita ya tambayi babban ɗanka Mahdi ko ka taɓa nuna wata alama a kwanakin nan, don irin wannan ciwon yakan yi sallama kafin ya shigo. Mahdi ya ce bai ga komai ba. Ina tsaye a bayansa, na sake yin shiru.

Na san wa'adi ba ya ƙara ko da ƙiftawar ido. Na karanta, na karantar, kuma na yi imani da shi. Na san da na sani ƙeya ce. Amma wannan sanin bai sauke mini komai ba, kuma bai sa na ji komai ba. Ina zuwa aji, ina zana taswira a allo, ina amsa gaisuwa. Golf ɗin tana ƙofar gida, ban ɗaga mata murfi ba.

Ranar sadakar bakwai na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na roƙi Mahdi ya shigar da ni in gaida mahaifiyarsa, Hajiya Zaituna, wadda duk Asabar ita take aiko mana da kunun gyaɗa fili. Tana cikin ɗaki tana takaba, labule a sake. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi mata gaisuwa, sannan na faɗa mata komai, tun daga kwanar tsamiya har gaban likita. Na ce ban zo neman a wanke ni ba, na zo ne su san abin da na yi, in za su iya su yafe mini. Mahdi yana tsaye ya sunkuyar da kai. Na shirya wa kuka, na shirya wa kowace irin magana.

Na ji ta gyara zama a bayan labule. Can ta ce, "Malam Sharfu, shekara talatin da huɗu ina ajiye masa ruwan alwala. Ranar Alhamis, kafin wannan Asabar taka, buta ta kuɓuce masa sau biyu a gabana. Na kau da kai na yi kamar ina neman wani abu a cikin kwando, don kada ya ji kunya." Sannan ta ce, "In laifi ne, na riga ka da kwana biyu. Tashi, Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Na tashi. Ban san yadda na kai gida ba.

Baba, ba ladabi ne ya sa na ɗaga ƙafa a ranar nan ba. Da ban ga hannunka ba, da na wuce ka. Ina so ka san zarenka bai tafi a banza ba. Ladabin ya zo ne daga baya, da muka sauko daga mota, kuma a nan ne ya yi abin da ka ce zai yi.

Ya Allah, ga bawanKa Mainasara ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya shi dausayi daga dausayoyin Aljanna. Samarin da ya janye daga kan kwalta suka koma wa iyayensu da rai, Ka sa su a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zaituna, da Mahdi, da Mardiyya, da Murjanatu, da sauran 'ya'ya da jikoki, da abokan aikinsa na gareji, da 'yan uwana na fili. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci bayansa, Ya kyautata namu ƙarshen. Mu kuma biyu da muka gani muka kau da kai saboda ganin girmansa, ya Allah, Kai ne Ka san abin da ke cikin zukatanmu. Ka yafe mana shirun da muka yi. Amin.

Sharfaddeen Ma'u, Daura