Zarton Baba da Maɗacin Mahauta

Jiya da hantsi ina wucewa ta layin kafintoci a Tambuwal, sai wani ya tayar da injin zarto. Ka san ƙarar nan da ke farawa ƙasa-ƙasa, ta yi ta hawa har ta cika kunne, sannan ta dusashe idan haƙora suka kama katako. Na tsaya cak da ledar cefane a hannu. Wani mai babur ya yi ta danna mini oda, ban ji ba. Jikina ne kawai a bakin titi, ni kuwa ina can ƙauyenmu na ƙasar Kebbe, ina 'yar shekara tara.

Kakana na wajen uba masassaƙi ne. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata, babu gidan da za ka shiga a garin ba ka tarar da aikin hannunsa ba. Kayan aikinsa gatari ne da gizago, sai kunnensa. Kafin ya sari icce sai ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar gizago, ya karkata kai ya saurara, kamar mai jiran a amsa masa sallama. Yakan yi mako guda a kan turmi ɗaya, kuma ba wanda ya isa ya ce ya yi sauri.

Baba kuwa bai gaji wannan haƙurin ba. Ya tafi Tambuwal ya koyi kafinta, bayan wasu shekaru ya dawo da injin zarto a bayan akori-kura. Tebur ne na ƙarfe, sai da ƙarti shida suka sauke shi suna nishi. A tsakiyarsa akwai tsaga, ta nan faifan zarto ke leƙowa, faɗinsa ya kai na babban tire, haƙora sun kewaye shi. Da yake ba mu da lantarki, sai Baba ya haɗa shi da tsohon injin niƙa ta hanyar bel. Ranar da aka fara tayar da shi, kaji sun watse, jakin maƙwabcinmu ya tsinke igiya. Baba ya tura gungume, kafin ka ce me, ya rabe biyu, dusar katako tana tashi ja kamar garin dawa. Mutane suka yi ta kabbara. Kaka na tsaye nesa, hannu a baya.

"Wanga abu ba ya saurare," in ji shi. "Ci kawai yakai."

Tun daga ranar ya daina taka rumfar da aka girke injin. Uba da ɗa suna cin tuwo a akushi ɗaya, amma zancen aiki ba ya haɗa su.

A bazarar shekarar da injin ya zo aka yi gobara, kuma ni na jawo ta. Inna ce ta aike ni ɗebo wuta a gidan maƙwabta, da yake a lokacin ba kowa ke ɓarnar ashana ba. Na ɗauko garwashi a tsingaro ina gudu, don in koma wurin wasan 'yar carafke da na bari. Iska ta kaɗa, garwashi ɗaya ya faɗi gindin zana. Na shure ƙasa a kai da ƙafa, na ga kamar ya mutu. Tsingaron ma ya yi mini zafi, na juye sauran garwashin a wani tsingaron, na yar da na farkon nan, na wuce. Ba a yi la'asar ba gida huɗu suka ƙone, har da rumbu biyu. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Amma na ga tsohuwar da ke ba ni ƙuli-ƙuli tana tona toka da kara, tana neman tasoshinta. Aka yi ta tambayar daga ina wutar ta tashi. Na yi gum.

Damina na tafe, gabas ta fara haɗa gira da yamma. Dattawa suka ce a wannan karon kwano za a rufa, kada a sake jinka. Kwano kuwa sai da katako, ga kuma ƙyamare da tagogi. Duk gari ya zuba wa rumfar Baba ido. Tun daga hantsi inji ke kuka har rana ta yi sanyi. Baba yakan fito gashinsa da girarsa sun yi ja, idan ya yi dariya haƙoransa kawai ke fari. Ni kuma duk ƙarar da zarton ya yi, ji nake kamar sunana yake kira.

Da katako ya fara ƙarewa, sai aka tuna da babban maɗacin bakin tsohuwar kasuwa, wanda wutar ta cinye rabinsa. Aka kayar da shi, aka faskara shi da gatura yadda zai hau tebur. A ranar ne Kaka ya zo rumfar a karo na biyu. Ya ƙwanƙwasa gungumen nan da can, ya saurara.

"Kak ka sa wanga ga inji," ya ce wa Baba. "Akwai ƙarfe cikinai. Nan mahauta ka rataye nama tun ina yaro. Sun kafa mai maratayai, icce ya haɗiye su."

Baba ya duba ɓawon ko'ina bai ga alamar komai ba. Ya dubi sama, hadari ya yi baƙi.

"Baba, ruwa na bisa kanmu, mutane na kwana gidan wasu. In na tsaya bin shi da gizago, sai an yi shuka ban ƙare ba."

Kaka ya juya ya tafi.

Washegari ina kawo wa Baba fura na ji abin. Ƙarar ta sauya, wani irin ƙas kamar an fasa dutse, tartsatsi ya tashi. Katakon ya yi tsalle ya dawo baya, hannun Baba na hagu ya zame gaba. Bai yi ihu ba. Ya dai dafe hannun a ƙirji, ya ce wa maƙwabcinmu da ke tare masa katako, "Kashe inji." Sai na ga gaban rigarsa yana rinewa. Aka ɗaure masa hannu da rawani, aka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu, suka kama hanyar nan mai ramuka zuwa asibiti. Bayan kwana uku ya dawo babu yatsu biyu, ƙaramin da mai bi masa.

Rumfar ta yi tsit. Na daina cin abinci. Inna ta ɗauka zazzaɓi ne, ta yi ta ɗura mini jiƙo. A raina kuwa lissafin a fili yake: ba don garwashina ba, da ba a sare maɗacin ba, da yatsun Baba na nan.

A rana ta huɗu na ji ƙaf, ƙaf, ƙaf daga rumfa. Na leƙa. Kaka ne zaune a kan gungumen, yana bin sa da gizago a hankali. Ya tono ƙarafa uku, kowanne ya kai tsawon tafin hannu, sun yi baƙi ƙirin. Sannan ya ciro faifan, ya ɗora a cinya, ya shiga gyara haƙoran da magagari, ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa gabansa.

"Kaka, ni na yar da wutar."

Magagarin bai tsaya ba.

"Na sani, jikanya. Ni na tsinci tsingaron gindin zana, na kuma san wa anka aika."

"Ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Zancenki na, ba nawa ba. Jira nikai ki kawo shi da kanki. To, ba ni za ki gaya wa ba. Tashi ki je ga ubanki."

Na tarar da Baba a zaure, hannun a naɗe, ya tokare shi da matashi. Na faɗi komai ina kuka, har da wasan da nake sauri in koma. Sannan ya jawo ni da hannun dama, ya kwantar da kaina a kafaɗarsa. Har lokacin rigarsa na warin man inji.

"Wuta kam kin yi ganganci, kuma za ki bi gidajen nan ki ba su haƙuri, ni zan raka ki. Amma hannuna ba wuta tac ci shi ba, ɗiyata. Gardama ta. An gaya min, nij ji, niƙ ƙi."

Ya raka ni kuwa, gida-gida. Wasu sun yi faɗa. Tsohuwar nan mai ƙuli-ƙuli ta ja kunnena har sai da ya yi zafi, sannan ta cusa mini ƙuli biyu a hannu.

Da safe aka tayar da inji, Kaka ne a bakin tebur. Ya sassaƙa wata sanda mai baki kamar ƙugiya, da ita yake tura katako, hannunsa ba ya zuwa kusa da haƙora. Baba na tsaye a gefensa yana ɗaga murya: "Sannu-sannu, kak ka danna! Bari shi ci da kainai!" Kaka kuma sai ya ce, "Juya shi, ta nan jijiyar icce tab bi." Wannan ya san inji, wancan ya san icce. Ban taɓa jin sun yi magana mai yawa kamar ta makonnin nan ba. Ruwan farko ya sauka ana buga kwanon ɗaki na ƙarshe, masu aiki suka ƙi saukowa, suka ƙarasa a jiƙe suna dariya.

Kaka ya daɗe da rasuwa. Manyan itatuwan da ya sani ɗaya-ɗaya sun ƙare, katakon yanzu daga kudu ake kawo shi a tirela, ba wanda ya san a ina ya tsiro ko me ya gani. Amare sun koma kujerar roba. Tsohon teburin ƙarfen yana bayan gidanmu, Inna na shanya kuɓewa a kai.

Baba ya tsufa, ya bar aiki. Da sallar bara na kai masa 'ya'yana. Autata ta kama hannun nan tana juyawa, ta ce, "Kaka, wa ya cinye maka yatsu?" Gabana ya faɗi, kamar ban haifi 'ya'ya biyar ba. Ya ba ta labarin tun daga farko: zuwan injin, maɗacin mahauta, gargaɗin da aka yi masa bai ji ba. Na kasa kunne ina jiran ya kai ga gobarar, ya nuna ni. Ya tsallake wurin, ya ce mata kawai a shekarar an bukaci katako da yawa. Sannan ya dube ni ta saman kanta, ya ce in miƙo masa buta.