Neman Maɗori a Bayan Kebbe

Ana sallame sallar asuba muka ɗaure buta da guzuri a kariyar bayan keke, muka bar Tambuwal a kan kekunanmu, ni da wani abokina mai gyaran keke a bakin kasuwa. Ku da kuka yi ta zuwa teburina na kasuwa makon jiya kuna tarar da shi a kife, ga inda na shiga.

Yarinyar gidana ce ta faɗo daga kan jaki a hanyar rijiya, ƙafar hagu ta karye a ƙwauri. Maɗorin garinmu ya rasu bara, cikin 'ya'yansa kuwa babu wanda ya gaji hannun. Malamin ɗakin magani ya ce a kai ta babban asibiti a birni, uwarta ta sa kuka, don ta ji ana cewa can yanke ƙafa ake yi. Ni ma tsoron nan yana raina. Sai wani tsoho ya ba ni labarin wani maɗori da ke zaune a bakin tafki, bayan Kebbe, wajen Fakku. Yarinyar nan kuwa ita ce ta fari a wurina. Kun san yadda muke: ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta, in an yi zancenta a zaure sai in dubi wani wuri.

Da muka bar hanyar mota ba mu sake jin ƙarar inji ba sai da muka dawo. Turba ce siririya tsakanin gonaki, an yanke gero, dawa tana tsaye ta fi mu tsawo, raɓa tana jiƙa mana wando. Inda ƙasa ta yi tauri keke yana gudu da kansa, inda rairayi ne sai mutum ya sauka ya tura abin da ya saya don ya ɗauke shi. Tsidau ya huda mini taya tun rana ba ta ɗaga ba. Abokina ya zauna ya yi faci yana waƙa, kamar biki za mu. Shi fa tun ranar bikin 'yancin kai ya karɓe wata 'yar tuta kore da fari daga hannun 'yan makaranta, ya soke ta a kan kekensa, ya rantse ba ta sauka. Na ce masa daji za mu, ya ce dajin ma ya sami 'yanci.

A gulbi muka fara ganin abin da ban gane ba. Mai jirgi ya ce mutum taro, keke sisi, wato kekena ya fi ni daraja ninki biyu. Muna cikin ruwa bai dubi fuskarmu ba. Idonsa yana kan tutar nan, da kuma lambar En'e, ɗan gwangwanin nan da ake ɗaura wa kowane keke in an yanki lasin. Na tambaye shi ko ya san maɗorin wajen Fakku. Ya ce shi ruwa ya sani. Na ce a raina, wannan ya sani sarai, so yake a ƙara masa wani abu. Ban ƙara ba.

Mun shiga Kebbe bayan azahar. Furarsu tana da arha, ta kwabo biyu ta ishe mu mu biyu, nonon kuwa mai kauri ne, ba a yi masa wanka da ruwa irin na kasuwarmu ba. Mutane ne masu gaisuwa, har gajiyar keke sai da aka tambaye mu. Amma da na kawo sunan maɗori sai fuskoki su rufe. Mahauci ya ce ya mutu. Mai goro ya ce ya ƙaura Yawuri. Wani dattijo a ƙofar masallaci ya ce bai taɓa jin sunan ba, alhali na ga ya ƙyafta wa na kusa da shi ido. Kowa sai ya tambaye ni lafiya, ni kuma in ce wata 'yar buƙata ce. Yaya zan tsaya tsakiyar kasuwa, gaban dattawa, in ce 'yar fari ce ta fito da ni? Muka kwana a zauren wani mai masauki, na ɗaure sarƙar kekena a ƙafata, don garin da kowa ke ɓoye abu ɗaya ban yarda da shi ba.

Washegari muka shiga daji. In don hawan keke ne, ban taɓa bin hanya irin wannan ba. Inuwa ce daga ƙirya zuwa marke zuwa kanya, ƙasa a dake da sawun shanu, babu mota, babu ƙura, sai zabin daji da ke tashi daga gabanka da birai da ke bin ka da kallo. Kana fita daga duhuwa sai tafki ya buɗe, bado ya rufe rabinsa, agwagin ruwa sun yi baƙi a kai. Ka wuce shi kaɗan ga wani. Abokina yana ta buga ƙararrawa don daɗi. Ni kuwa duk abin da na gani, ƙafar nan da na bari a kumbure nake gani.

Ƙauyukan bakin ruwa duk hali ɗaya suka nuna mana. Kafin mu isa maza sun ɓace, sai turmi da taɓarya a yashe, sai wata tsohuwa ta amsa sallama daga bayan zana. Na tabbata akwai mai riga mu da ƙafa ta wata gajeriyar hanya yana kai labari. Wannan ta ce mu bi dama, waccan ta ce mu bi hagu. Can wajen la'asar abokina ya taka birki, ya nuna mini ƙasa. Sawun tayarmu ne na safe, har da alamar facin da ya yi mini. Tafki ɗaya muka yini muna kewayawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zagi mutanen da suka ba ni ruwa na sha.

A nan muka tarar da wani tsoho yana gyaran koma kusa da ɗan jirginsa, gajere, mai kaurin hannu. Shi bai gudu ba. Ya ce wanda muke nema yana tsallaken ruwa, zai haye da mu, amma jirgin ba ya ɗaukar mutum biyu da keke biyu. Wai sai ya fara kai kekuna, sannan ya dawo ya ɗauke mu. Na ce a raina, yau ga ɓarawo da furfura. Muka yi ta ja, daga ƙarshe aka shirya ni in shiga tare da kekunan, abokina ya jira a gaɓa. Na zauna na rungume su duka biyu, feda tana sukar haƙarƙarina.

Sai da muka kai tsakiyar tafki, inda bado ya ƙare ruwa ya yi baƙi, tsohon ya daina tuƙi, ya ɗora filafili a cinya. Jirgi ya tsaya. Ni ban iya ruwa ba, kuma na ga alamar ya gane haka.

Ya ce, “Malam, nan ba kowa sai ni da kai da Allah. Wa ya aiko ku, alƙali ko Bature? Ga tuta, ga lamba. Mi kuka biɗa ga mutumen nan?”

Tsoro ya kama ni sosai. Na ce, “Baba, ba wanda ya aiko mu. Ɗiyata ta, ita tak karye.” Na laluba aljihu na fito da guntun karan dawa da uwarta ta yanka daidai tsawon ƙwaurin, don maɗori ya san awon karan ɗori. Ya karɓa, ya auna da yatsunsa, ya tambayi ko fata ta fashe, ko yatsun ƙafar suna motsi, ko an ɗaure da wani abu. Daga tambayoyin nan na san gaban wa nake zaune.

Ya ce, “To mi yah hana ka faɗi tun Kebbe?”

Na ce, “Ta fari ta, Baba.”

Ya ce, “Kunyakka ta yi kyau. Amma ba kai ka kwana da ciwon ba.”

Kafin ya juya jirgi ya gaya mini dalilin ɓuyarsa, ban ma tambaya ba. Da damina ya ɗora wa wani mutum ƙafa, ƙafar ta ruɓe, aka yanke ta a birni, dangin mutumin suka rantse sai sun kai shi gaban alƙali. Shi ya ce mutumin ne ya kwance ɗorin ya shiga fadama noma. Bakinsa kaɗai na ji, wancan ba ya nan balle ya faɗi nasa. Ya ce, “Ka ji abin da anka ce na yi. In kana so in zo, in ba ka so ga hanyarka.” Wallahi zargin da na yi masa kan kekuna wasa ne a kan wanda ya taso mini a lokacin. Na dubi hannuwan nan, ban san ko na gyara ne ko na ɓarna ba. Amma rana tana faɗuwa, yarinya tana kwance, kuma ba ni da wani. Na ce ya zo.

A ƙauyensu muka kwana, mazan da suka ɓace duk suka fito, aka kawo mana tuwon dawa da kifi har ya yi yawa. Da asuba tsohon ya ce ba ya hawa abin da ke da tuta, abokina ya cire ta yana gunaguni, ya cusa a hula. Tsohon bai taɓa hawa keke ba. Ya zauna a kariya ya ƙanƙame abokina, duk gangara sai ya yi salati. Ta gajeriyar hanyar da aka ɓoye mana ya bi da mu, sai ga mu a Kebbe da hantsi. Mahaucin da ya ce mana tsohon ya mutu ya taso ya gaishe shi, ko kunyata bai ji ba.

Mun iso gida rana tana ja. Ƙafar ta ƙara kumbura, yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dishe. Tsohon ya shafa, ya saurara da yatsunsa, ya ce a sami mai ƙarfi ya riƙe ta. Ƙanena ya matso, yadda aka saba. Na ce masa ya bari. Na zauna na ɗora ta a ƙirjina gaban uwata da mutanen gida, aka ja ƙafar, ta ƙwalla ƙara, na ji bakina yana kiran sunanta. Ya jera kara, ya ɗaure, ya nuna mini yadda zan danna farcen babban yatsanta: in ya yi fari ya komo ja, lafiya; in ya tsaya fari ko ya yi baƙi, in kwance in ruga da ita birni, kada in jira shi. Da safe ya koma da ƙafa, ya ce keke ya ishe shi har ƙarshen ransa.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Mutanen tafki sun ga tuta da lamba sun yanke mana hukunci, ni na ga shirunsu na yanke musu nawa, alhali kalma ɗaya daga bakina da ta raba gardamar tun a jirgin farko. Yinin da muka ɓata a daji, yarinyar ce ta biya shi a kan tabarma. Har yau ban ce na gama yarda da tsohon nan ba, sai ranar da ta taka. Kullum da safe kafin in fita nakan durƙusa in danna farcen, in tsaya numfashina a riƙe. Uwata tana cewa na zubar da kunya a tafkin Fakku, ni kuwa ba na ɗagowa sai na ga jan ya komo. Yau ma ya komo.